Ranar da Madam Ta Yi Saɓa

Ku da kuka saba karanta ni, da ku da yau kuka fara leƙowa, ku matso kusa, don abin da zan faɗa ko ƙawata ban faɗa wa ba. Sunana Pheladi. A garin Seshego nake zaune, a ɗakin baya na gidan mahaifiyata, wanda marigayi babana ya gina don 'yan haya amma ni na gaje shi tun da na dawo daga jami'a da digirin da har yau bai kai ni ko'ina ba sai bayan kanta a wani kantin magani. A wannan ɗakin, a kan teburin da nake karatu a da, akwai akwatin gilashi. A cikin akwatin akwai gizo-gizo mai gashi, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro.

Ni ɗin nan fa, da kyankyaso ke kora daga banɗaki.

Lesiba ne ya kawo min shi. A kantin muka haɗu. Yakan zo ya sayi auduga da ƙananan robobin zuba ƙwayoyi, waɗanda babu komai a ciki, ya tsaya yana jana da hira ni kuma ina kallon na'urar kuɗi kamar ita ke magana. Dogo ne, mai sanyin murya, yana aiki da masu awon hanya. Bai taɓa ce min "ke ba kya magana ne?" ba, tambayar da na sha tun ina firamare. Idan na yi shiru sai shi ma ya yi shiru, mu zauna a haka a motarsa muna cin kota, burodin nan da ake cusa wa soyayyen dankali da nama, babu mai takura wa wani. Abin da ya fara kama ni ke nan.

Ranar da ya kawo akwatin, cewa ya yi zai raba ni da tsoro. Ya ce mace ce, 'yar ƙasar Honduras, irin da ake ba masu koyo, ba ta cizo, ba ta gudu, ko a tafin hannu aka ɗora ta sai dai ta yi zamanta. Na karɓa da murmushi. Da ya tafi na ɗora ƙamus biyu a kan murfin.

Mma, mahaifiyata, ce ta sa mata suna. Ta leƙo sau ɗaya, ta ga ina jefa mata gyare da dogon hantsaki, idona a rufe, fuskata a juye, sai ta ce, "Ba ta shara, ba ta wanki, ana kawo mata abinci har ɗaki. Ai wannan Madam ce." Sunan ya bi ta.

Da yake ni mai karance-karance ce, tsoro ya sa na karanta duk abin da na samu. Na shiga zauren masu kiwon gizo-gizo a waya, ban taɓa cewa uffan ba, sai dai in sha karatu. A nan zargi ya fara min. An ce 'yar Honduras gashinta a nannaɗe yake, tafiyarta kamar ta tsohuwa mai ciwon ƙafa, kuma idan ranta ya ɓaci gashin bayanta take kakkaɓo wa mutum, har wajen ya yi sanƙo. Madam ba haka take ba. Cikin 'yan kwanaki ta haƙa rami a kusurwa, ta lulluɓe akwatin da farar yana kamar an shanya labule. Ran da hantsakina ya taɓa bakin ramin, ban ga fitowarta ba, kawai na gan ta tsaye a kan ƙafafun baya, na gaba a sama, haƙora a waje. Sai dai na tsinci kaina a tsakar gida da takalmi ɗaya.

Na gaya wa Lesiba. Dariya ya yi, ya ce kowace da halinta, kamar mu mata.

Sai kuma saƙonninsa. Ku duba wannan, na safiyar wata Litinin:

"Ta ci?"

"Ta ci. Ni ma na ci, tunda ba ka tambaya ba."

"Haba Phela. Ke ai kin iya kula da kanki. Turo min hotonta. Amma kada ki sa a zauren nan naku, 'yan hassada sun yi yawa."

Hassadar me za a yi wa gizo-gizon masu koyo? Na riƙe tambayar a ciki, kamar yadda na riƙe ta cokali mai dogon hannu da jarkar ruwa da na gani a bayan motarsa. Kusan duk ƙarshen mako yana tafiya wajen Musina, wai gaida kakarsa, ya dawo gwiwoyin wandonsa sun yi ja da ƙasa. Na san muna durƙusa wa manya. Amma wace irin kaka ce ake durƙusa wa har wando ya huje?

Duk wannan ban gaya wa Mma ba, domin Mma ta riga ta yi nisa. Kawunnan Lesiba za su zo ranar Asabar su buɗe maganar aure. Tun farkon mako ta goge dakalin ƙofar gida da jan mai har yana ɗaukar ido, ta sauke labulen falo ta wanke, ta toya dikuku, ƙananan kek ɗinmu na biki, ta cika manyan bokitai ta rufe. Duk lokacin da ta ga na yi tagumi sai ta ce, "Namiji yana da aiki, ba ya sha, yana gaisuwa da hannu biyu. Me kuma kike jira, mala'ika? Matan coci sun gaji da tambayata, ni ma na gaji da yi musu murmushi."

Ranar Talata Rakgadi Mokgadi ta iso daga ƙauye. Yayar babana ce, kuma a wajenmu ba a aurar da 'ya sai da bakinta. Ta sauko daga motar haya da bargo a kafaɗa, buhun busassun tsutsotsin mopane na miya a ka, da gwangwanin taba a cikin rigarta. Ɗakina aka sauke ta. Ta ajiye kaya, ta ga akwatin, ta ga ƙamus biyu a kai, ta sunkuya ta daɗe tana kallon yanar.

Da na yi mata bayani, zama ta yi a bakin gado ta shaƙi tabarta. Ta ce ita dai a saninta mai neman aure bargo yake kawowa, ko waya, ko da kaza ce. Amma namijin da zai kawo abu mai ƙafa takwas, ya ce ki ajiye a inda kike kwana, ki ciyar da shi da hannunki, wannan ba kyauta ya kawo ba, asirin mallaka ya dasa.

"Rakgadi, dabba ce kawai. Turawa ma suna kiwonsu."

"Turawa ba sa nemanki da aure. Gaya min, 'yar ƙanina, tun yaushe kika fara jin ba kya iya wuni ba ki ji muryarsa ba? Kafin abin nan ya shigo, ko bayan ya shigo?"

Ni da digirina, sai ga ni ina lissafi a zuci.

A lokacin Madam ta daɗe ba ta ci ba. Gyaren da na jefa mata sai in same shi yana yawo a kan yanarta kamar ɗan haya, in sake cire shi. Jikinta ya yi duhu, ta daina motsi. Lesiba kuwa saƙo kan saƙo, wai kada in taɓa ta, kada in girgiza teburin, kada in bar kowa ya shiga ɗakin. Kowa, a gidan da ake shirin karɓar baƙi.

Ranar Alhamis na taso aiki da rana. Tun daga ƙofa na ji Rakgadi tana waƙar coci da ƙarfi. Na same ta a ɗakina, ta sauke ƙamus, ta buɗe murfin, gwangwanin feshin sauro a hannu ɗaya, abin kwashe shara a ɗaya, ga kofin ruwan gishiri a kan teburin. A bakin ramin, kan wata shimfiɗar yana mai kauri, Madam tana kwance a rigingine, ƙafafu takwas a sama, ko motsi babu.

"Kin gani?" in ji ta. "Tun da na zo nake addu'a a kanta. Ta mutu. Na hura wuta a baya, ƙona ta za mu yi, a zuba tokar a wajen gida."

Masu karatu, zuciyata ta so hakan. In ce muku ban ji wani sanyi ba, na yi ƙarya. A ƙona ta, in cire tsumman da nake toshe ƙasan ƙofa da shi, in daina duba takalmina kafin in sa. Amma na karanta, ba sau ɗaya ba, cewa wadda ta mutu ƙafafunta take naɗewa a ƙarƙashinta tana kife. Wadda ta kwanta a rigingine saɓa za ta yi, kamar maciji, kuma a wannan lokacin ko gyare zai iya kashe ta. Da yawa masu koyo sun zubar da nasu da rai a haka.

Ban san lokacin da na shiga tsakaninta da teburin ba. Bayana yana taɓa buɗaɗɗen akwatin, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba.

"Ba ta mutu ba, Rakgadi. Tsohuwar fata za ta tuɓe. Ki ba ni zuwa la'asar. In ba ta motsa ba, ni da kaina zan kai ta wutar."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce tun ina cikin zanen goyo ba ta taɓa jin na yi mata musu ba, sai yau a kan ƙwaro, wannan ma kaɗai ya isa shaida. Amma ta ajiye gwangwanin. Ta zauna a gado da tabarta, na zauna a ƙasa, muka zuba wa gilashi ido kamar masu kallon talabijin.

An daɗe babu komai. Mma ta leƙo da kwanon tuwon masara da miyar ganye, ta ce mu biyun mun haukace, ta ajiye ta fita. Can sai ƙafafun suka fara wani irin numfashi, su buɗe su rufe a hankali. Bayanta ya tsage kamar murfin tukunya. Daga cikin tsohuwar ƙafa sai ga sabuwa tana zamowa, mai laushi, mai sheƙi, sai wata, sai wata, kamar mai zare yatsu daga safar hannu. Haƙoranta farare fat. Rakgadi ta manta da tabar a tafinta. Na ji ta ce a hankali, "Wayyo, baiwar Allah, ashe naƙuda kike yi."

Rana ta yi sanyi kafin ta juyo ta kife. A lokacin ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun zuwanta: na kawo fuskata dab da gilashin na kalle ta sosai. A da kullum tana cikin rami, ko ƙasa ta rufe ta, ko ni idona a rufe. Yanzu ga ta fes, launin toka mai ratsin baƙi. A tsakiyar bayanta, wani abu ya tsiro, baƙi, ya karkata baya.

"Ga shi nan," in ji Rakgadi. "Har da ƙaho."

Na ɗauki hoto. Ban sa a zauren ba, na tura wa mai kula da zauren ita kaɗai, wata mata a Pretoria mai suna Annelize. Kafin in wanke hannu ta amso.

"Wa ya ce miki 'yar Honduras ce? Wannan 'yar dajinku ce, mai ƙaho. Cizonta da zafi, kada ki kuskura ki ɗauke ta. Daga rami ake tono su a sayar a waje, shi ya sa doka ta hana riƙe su sai da izini. Kina da takardar izini?"

Na ce ba ni da ita.

"To ki sani, wanda aka samu da ita a ɗakinsa shi ake tambaya. Wa ya ba ki?"

Na fita bayan gida, kusa da wutar da Rakgadi ta hura wadda ta zama toka, na kira Lesiba. Ya sauke numfashi. Ya ce gaskiya ne. Ya ce a wajen aikin hanya ya tsince ta, motar rusau na dab da bi ta kan raminta, ya kasa barin ta. Ya ce da ya gaya min gaskiya da ban karɓa ba, shi kuma mai gidan hayarsa ba ya son dabbobi. Ita kaɗai ce, in ji shi, ya rantse da kabarin mahaifinsa.

Na so in yarda. Ku mata kun san yadda zuciya ke gyara wa namiji labarinsa, tana cike masa gurbin da ya bari. Har na kwanta ina ce wa kaina mutumin da zai durƙusa ya ceci gizo-gizo ai ba mugu ba ne.

Ranar Juma'a da hantsi ya tsaya a bakin titi, bai shigo ba, tunda bai kamata a gan shi a gidan ana gobe manyansa za su zo ba. Ya miƙo min babban akwatin sanyi, shuɗi, an naɗe murfinsa da salatif. Ya ce lemo ne na dattawa. In ajiye a ɗakina, a inuwa, kada in sa ƙanƙara, kada a buɗe sai ya aiko. Yana magana yana duba madubin mota. Ya ce wasu ma'aikatan kare namun daji sun je shagon wani abokinsa jiya, bai dai ƙarasa zancen ba, ya shafa kumatuna ya ja mota.

Rakgadi ce ta kama min ɗaya hannun akwatin. Mun yi taku kaɗan ta tsaya, ta ɗan jijjiga shi.

"Lemon da ba ya nauyi, ba ya ƙara, kuma ba ya son ƙanƙara," ta ce. "Kawo wuƙa."

A ɗakina muka yanke salatif ɗin. Jaridu ne a sama. A ƙarƙashinsu, jere reras, robobin ƙwayoyi ne, waɗanda ni da hannuna na sayar masa, har ina ƙara masa ragi don yana sa ni dariya. An huda kowane murfi da allura mai zafi. A cikin kowace roba akwai jiƙaƙƙiyar auduga, a bayan audugar kuma ƙafafu masu gashi a takure. Wasu suna motsi. Wasu sun naɗe ƙafafunsu a ƙarƙashinsu, a kife, kuma yanzu na san ma'anar wannan.

Ban yi kuka ba. Na mayar da jaridun a hankali, na tura akwatin ƙarƙashin tebur inda rana ba ta kaiwa.

Rakgadi ta daɗe tana murza gwangwanin tabarta. Ta ce ta janye maganarta, babu wani asiri a nan, da ma asirin ne da ta san inda za ta kai ni a karya. Wannan ɗaki ya nema, ɗakin yarinyar da ba ta magana, wadda ba mai zargin ta. Na ce wataƙila yana sona duk da haka. Ta ce wataƙila, ɓarawo ma yana da zuciya.

"Mma fa?" na ce. "Ta gaya wa duk unguwa."

"Dikuku dai ba za su yi asara ba, ko biki ko ba biki za a cinye su. Ki saurare ni. Gobe ni zan shigo da ke gaban mutane. Kawunki zai yi miki tambaya ɗaya, wadda ake yi wa kowace 'ya. In kin ce ba ki san baƙin ba, maganar aure ta mutu. Ba zan sa miki magana a baki ba. Amma abin da kika ce, a kansa zan tsaya, ko uwarki za ta shekara ba ta gaishe ni ba."

Asabar ta zo da rana mai zafi. Mma ta sa ni cikin rigar gargajiya mai tattara, ruwan ɗorawa da ruwan hoda, ta ɗaura min kallabi, ta yafa min ƙaramin bargo a kafaɗa ta maƙale da fil. Ta ce babana da yana nan da ya yi alfahari, na sunkuyar da kai don kada ta ga idona. Muna jin baƙin a bakin ƙofa suna kiran sunan gidanmu da kirarinsa, aka bar su a tsaye a rana yadda aka saba, sannan Malome Ngoako, ƙanin Mma, ya sa aka buɗe musu.

Wayata ta yi motsi a ƙarƙashin bargon. Lesiba ne, yana cikin mota a kwanar layi.

"Akwatin yana inuwa?"

Sai wani ya biyo baya: "Ina son ki, Phela."

Na kalli yadda suka jeru, wanda ya zo farko da wanda ya zo na biyu. Na juya na kalli Madam. Ta fito bakin raminta, ta miƙe sababbin ƙafafunta, tsohuwar fatar tana yashe a gefe kamar wata gizo-gizon dabam. Na kashe wayar.

Rakgadi ta riƙe hannuna muka shiga falo. Na zauna a tabarma, ƙafafu a miƙe, kai a ƙasa. Takalma kawai nake gani, masu sheƙi, da ƙafar kujera. Babbansu, Tate Maredi, kawun Lesiba, yana cikin kwat ruwan ƙasa, hularsa a kan gwiwa. Daga kicin ƙarar cokula ta tsaya cak, na san Mma tana bayan ƙofa.

Malome ya yi gyaran murya. "Pheladi, 'yar yayata. Waɗannan mutane sun ce sun ga wani fure a gidan nan. Kin san su?"

Duk rayuwata idan aka tambaye ni abu a gaban mutane, muryata guduwa take. Ranar ba ta gudu ba.

"Ban san su ba, Malome."

Wani abu ya faɗi a kicin ya fashe. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya, yana zaton irin jan ajin da ake yi ne don a ƙara musu wahala. Malome ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Sai Rakgadi ta miƙe ba tare da ta nemi izini ba, ta fita, ta dawo rungume da shuɗin akwatin, ta dire shi a kan teburin tsakiya, tsakanin farantin dikuku da butar shayi.

A nan ne na ɗaga kai, abin da bai kamata in yi ba. Ina so in ga fuskar dattijon idan ya tambayi mene ne wannan.

Bai tambaya ba. Tate Maredi ya kalli yankakken salatif ɗin, ya kalli ƙofa, hularsa ta zame daga gwiwarsa bai ɗauka ba. Sannan ya sunkuyo wajena, ya rage murya.

"Yarinya," ya ce, "ba ku dai bar su a rana ba ko?"